Barin Kwikwiyo a Hannun Wasu Idan Tafiya Ta Kama

Babban kare ana iya barinsa a gida na 'yan kwanaki idan akwai maigadi mai hankali, da abinci, da ruwa, da inuwa. Kwikwiyo ɗan wata biyu ko uku ba a yi masa haka. Yana ci sau uku ko huɗu a yini, ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa biyu ko uku, gudawar kwana ɗaya tana iya kwantar da shi, kuma garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. To ga Sallah ta matso ana shirin zuwa gida, ko Kirsimeti, ko Umara, ko ofis ya tura mutum kwas na mako biyu. Wa za a bar wa shi?

A manyan garuruwa irin su Abuja, Kaduna, Jos da Kano, an samu wuraren da ke karɓar ajiyar karnuka ana biyan kuɗin kwana. Wasu asibitocin dabbobi ne masu zaman kansu da suka ware ɗakuna a baya. Wasu masu kiwon karnukan sayarwa ne da ke da ragowar keji. Wasu kuma masu horar da karnukan gadi ne. Kusan kowannensu zai ce maka ka kawo shi, ba komai. Amma kafin a tsaya tantance wane masauki ya fi, sai an fara sanin ko kwikwiyon ma ya isa a kai shi masauki.

Makonninsa nawa, allurarsa nawa

Kwikwiyo yana samun kariyarsa ta farko daga dakashi, nonon da uwar ke fitarwa a kwanakin farko bayan haihuwa. Wannan kariya aro ce, tana raguwa mako bayan mako. Matsalar ita ce, muddin tana da sauran ƙarfi a jini, takan kashe kaifin allurar rigakafi, kuma ba a iya sanin ranar da za ta ƙare a jikin wannan kwikwiyo ko wancan. A wani tana gushewa a mako na shida, a wani sai bayan mako na goma sha biyu. Shi ya sa likitoci ba sa yin allura ɗaya su sallame ka. Ana farawa tsakanin mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu, ta ƙarshe kuma ta faɗo a mako na 16 ko bayansa. A katin za ka ga an rubuta DHLPP. Haruffan suna nufin cututtuka biyar ne da ake haɗawa a allura guda: distemfa, ciwon hanta na karnuka, cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera da gurɓataccen ruwa, farbo, da wata irin mura. Ta ciwon haukan kare daban take, ana yinta daga wata uku. Bayan allurar ƙarshe jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kama sosai.

Idan ka haɗa lissafin, kwikwiyo bai dace da zama cikin tarin baƙin karnuka ba sai ya kai wajen mako 18, wato ya haura wata huɗu, kuma katinsa a cike. Wannan ita ce ƙa'idar da ba na son mai karatu ya sassauta, ko da ya manta sauran abin da ke cikin rubutun nan.

Farbo ce dalili. A kati da bakin likitoci Parvo ake ce mata. An fara gane ta a karnuka a 1978, cikin ɗan lokaci ta kewaye duniya, kuma har yau tana cikin manyan masu kashe kwiyakwiyai a garuruwanmu. Tana fara da kasala da ƙin abinci, sai amai, sai gudawa mai jini da wani irin ƙarni wanda duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Tana cinye bangon hanji, ruwan jiki ya ƙare cikin kwana biyu ko uku.  Ƙarin ruwa ake yi da allurai har jiki ya yi yaƙinsa, kuma kuɗin jinyar ya ninka na rigakafin sau da yawa. Abin da ya sa ta zama annobar masaukai shi ne daɗewarta a ƙasa. Ƙwayar cutar tana fita a kashi, ta zauna a ƙasa ko a kan siminti wata da watanni, har ta kai shekara a wuri mai inuwa da damshi. Takalmin ma'aikaci yana ɗaukarta, tsintsiya tana ɗaukarta, kwanon abinci ma haka. Karen da ya kawo ta wataƙila ya bar wurin tun bara. Irin su Rottweiler, Doberman da Alsatian, waɗanda ake yawan saye don gadi, suna cikin waɗanda ta fi kamawa da tsanani.

Sai a duba katin da kyau. Da yawa ana sayen kwikwiyo a bakin titi ko ta waya, mai sayarwa ya ce an yi masa duk allurai. Magana ce kawai. Katin gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, da 'yar takardar da ake ɓanɓarowa daga jikin kwalbar a manna, da sa hannun likita. A Najeriya, Majalisar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa ce ke yi wa likitoci rajista, kuma ba laifi ba ne ka nemi sanin ko wanda ya yi allurar likita ne mai rajista. Allurar tana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka wadda ta kwana a shagon da aka ɗauke wuta ko ta yini a aljihun mai babur tana iya zama ta lalace. In kana shakka, kai shi asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, ko na koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri, a duba ko za a sake farawa. Ƙarin allura ɗaya ba ya cutar da lafiyayyen kwikwiyo. Ta haukan kare kuwa ba ta da wuyar samu, don cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta faro tun 1924, tana yinta a cikin gida.

In bai kai ba fa?

Mafi kyau a bar shi inda yake, wani ya zo ya zauna da shi: ƙani, ɗan'uwa, ko maƙwabcin da ba ya ƙyamar kare. Ka zaɓi mutumin da kyau. A unguwanninmu akwai masu gudun taɓa kare saboda tsarki, kuma wannan haƙƙinsu ne. Kada ka ɗora wa wanda zai karɓa don kunyarka alhali zai riƙa tura kwano da sanda daga nesa. Na biyu, a kai shi gidan wani amintacce inda babu kare, ko akwai babba guda ɗaya mai cikakken rigakafi, kuma ba a yi farbo a gidan ba cikin shekarar. Idan kuwa ba ka riga ka karɓo kwikwiyon ba, ka biya kuɗin, ka bar shi wajen uwarsa har ka dawo. Dama bai kamata a raba su kafin mako takwas ba.

Akwai wani dalili ban da cuta. Daga mako na uku zuwa wajen na goma sha huɗu ne kwikwiyo ke koyon abin tsoro da abin da ba na tsoro ba: muryar yara, ƙarar janareta, baƙo a ƙofa, hannun da ke taɓa kunnensa. Wanda ya shafe waɗannan makonni a kulle cikin keji, manyan karnuka na haushi a kansa dare da rana, yakan tashi matsoraci. Matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo ba dalili, kuma bai iya gadi ba.

Mutane sukan ɗauka asibitin dabbobi ne wuri mafi aminci. Yana da fa'idarsa, tunda likita na kusa. Sai dai nan ne ake kawo marasa lafiya. In asibiti za ka kai shi, ka tabbata ɗakin ajiya daban yake da na jinya, da ƙofa daban, da kayan shara daban.

Zuwa gani da ido

A Ingila mai wannan sana'a sai da lasisin ƙaramar hukuma, kuma tun 2018 ana zuwa a duba wurin a ba shi tauraro ɗaya zuwa biyar. Mai kwikwiyo a Kaduna ba zai tarar da taurari a ƙofa ba, shi ne zai yi binciken da kansa. Hotunan da ake turowa ta waya ba su isa ba. Gani ya kori ji. Ka je makonni biyu ko uku kafin tafiya, ba tare da ka faɗi ranar ba, kuma da tsakar rana, lokacin da zafi ke nuna gaskiyar gini. Kada ka tafi da kwikwiyon. Da ka dawo gida ka wanke takalminka da hannunka kafin ka taɓa shi.

Jarrabawar farko tana zuwa tun kafin ka shiga. Ka ce, "Malam, ina da kwikwiyo ina so in kawo ajiya," sai ka yi shiru ka saurara. In ya tambaye ka watansa nawa, ya ce ka zo da kati, har ya ce ba zai karɓa ba sai allura ta cika, ka samu mutumin kirki. In kuɗin kwana ya fara faɗa maka bai nemi kati ba, to ka sani sauran karnukan da ke ciki ma ba a nemi nasu ba. Ka yi godiya ka juya. Haka nan wanda ya hana ka shiga inda karnukan ke kwana.

A ciki, hanci zai fara ba ka labari. Wurin karnuka ba ya rasa ɗan wari, amma zarnin da ke sa ido hawaye alama ce ta rashin wanki ko rashin iska. Daɓen ya zama siminti mai santsi da ɗan gangare zuwa magudana, kuma ruwan wankin wani ɗaki kada ya bi ta cikin wani. Ƙasa ko yashi ba sa wankuwa. Da damina ma akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta huda fatar kwikwiyo ta zauna, sai ka ga ƙuraje kamar maruru a ciki da cinyoyi. Tsakanin ɗaki da ɗaki ya zama bango ne, aƙalla zuwa tsayin da karnuka ba za su haɗa hanci ba. Waya zalla ba ta tare tari, ba ta tare haƙori.

Ɗaga kai ka dubi rufi. Kwano tsirara ba silin, a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato inda zafi ke haura digiri 40, yana iya kashe kwikwiyo a yini guda. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma masu gashi da yawa irin Caucasian da masu gajeren hanci sun fi wahala. Ka tambaya me ake yi idan an ɗauke wuta. Da hunturu kuma, musamman a Jos, akasin haka ne: ƙaramin kwikwiyo ba ya riƙe ɗumin jiki, yana buƙatar katako ko shimfiɗa tsakaninsa da siminti, da abin tare iska. Duba ruwan sha ko mai tsabta ne, ko yana inuwa, ko kwanon mai nauyi ne da ba ya kifewa.

Sannan ka matsa kusa da bango ka duba tsagogi da kusurwoyi. Kaskar kare tana iya yin duk rayuwarta a cikin gini, tana ɓuya a tsagar bulo tana hayayyafa. Ba shan jini kaɗai take yi ba, tana sa zazzaɓin da ke farfasa jini, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. In ka ga kaska na hawa bango, zance ya ƙare.

Tambayi abin da suke wanke wurin da shi. Yawancin magungunan goge ɗaki masu ƙamshi ba sa kashe farbo. Bilic ne ke kashe ta: mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ana sirka awo ɗaya da awo 30 na ruwa, in ya fi haka rauni a rage ruwan. Sai an fara kwashe kashi an wanke da sabulu, sannan a zuba, a bar shi minti goma, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin kare ya koma. Ma'aikacin da ya iya yi maka wannan bayani da bakinsa ya san aikinsa.

Saura mutane, kuma su ne rabin maganar. Wa ke kwana a wurin? Ma'aikata nawa ke ragewa lokacin Sallah ko Kirsimeti, tunda lokacin da masauki ya fi cika shi ne lokacin da su ma ke son zuwa gida? Wane likita ake kira da dare? Ina ake ware wanda ya kamu da ciwo? Sau nawa za a fito da kwikwiyon, kuma da wa zai yi wasa? Amsar da ta dace ita ce shi kaɗai da mutum, ko da sa'anninsa masu cikakken kati, ana kallonsu. Ba a sakinsa cikin manya. Lura da yadda karnukan wurin ke yi idan ma'aikaci ya matso. In suna kaɗa wutsiya suna zuwa, alheri ne. In suna maƙalewa a lungu, ana dukansu. Wasu masu horarwa kan yi tayin za su sa maka shi ya yi zafi kafin ka dawo. Ka ƙi, ka kuma faɗa a fili cewa ba ka yarda da duka, ko ɗaurin sarƙa, ko horon yunwa ba.

Kuɗi yana bambanta daga gari zuwa gari. Ka tambaya abin da ke cikinsa, ko har da abinci da wanka, a rubuta. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta wanke daɓe.

Shirin tafiya

Mako guda kafin ranar, ka kai shi wajen likitanka a duba shi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma daidai nauyinsa. Tambayi ko akwai rigakafin tarin masauki, wani busasshen tari mai saurin yaɗuwa inda karnuka suka taru. Ba kowane asibiti ke ajiye shi ba, kuma ana so a yi shi da sauran kwanaki. Ka gargaɗi masu masaukin kada su yi masa wanka da maganin ƙwari na gona ko na wankan shanu, kada kuma su ba shi maganin mutane irin farasitamol ko na ciwon jiki. Waɗannan suna kashe kwikwiyo.

Abincinsa na gida za ka kai, wanda zai isa har da ƙarin kwana uku ko huɗu saboda jinkirin hanya. Sauya abinci farat ɗaya yana kawo gudawa, ga kuma damuwar baƙon wuri. Ka auna na kowane ci, ka rubuta lokutan: sau huɗu kafin wata uku, sau uku har wata shida. Ƙananan iri kamar Lhasa sukarin jininsu kan faɗi idan suka tsallake ci biyu, don haka a san da wannan. Ragowar abincin Sallah ba nasa ba ne. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji, kitse mai yawa yana tayar da ciki, cakulan da goro da zabibi kuma guba ne gare shi.

Haɗa masa da tsohuwar rigarka da ba a wanke ba da abin da ya saba tauna. Ƙanshin gida yana kwantar masa da hankali.

Sai takarda. A rubuta sunansa, ranar haihuwa, nauyi, kamanni, magungunan da yake sha, lambarka, lambar likitanka, da ta wani ɗan'uwa da ke cikin gari wanda zai iya yanke shawara in ba a same ka ba. A rubuta iyakar kuɗin da ka yarda a kashe a jinyar gaggawa ba tare da an jira ka ba, domin awa shida na jiran amsar waya suna da yawa ga kwikwiyo mai amai. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi. Ɗauki hotonsa ta kowane gefe a ranar, har da duk wata alama ta daban a jikinsa. Kwiyakwiyan iri ɗaya suna kama da juna, kuma suna da tsada. Ajiya amana ce, rubutu kuma yana kare mai bayarwa da mai karɓa.

In da hali, a gwada kwana ɗaya kafin babbar tafiyar. Za ka ga yadda ya dawo, su ma su san halinsa.

Ranar kaiwa a tafi da safe, don ya ga wurin da haske, ma'aikata su ga cinsa kafin dare. A ba shi abinci kaɗan awa biyu ko uku kafin shiga mota. Ba a sa shi a but, ba a barinsa a motar da aka faka ko na minti biyar. Ka miƙa shi ka tafi, kada ka tsawaita sallama.

Kana can, da bayan ka dawo

Ka nemi gajeren bidiyo kullum ko bayan kwana biyu, wanda zai nuna shi yana tafiya ko yana ci. Hoto ba ya nuna kasala. Idan ka kira, kada ka tsaya a "yaya yake?", don "lafiya lau" za a ce maka. Tambayi ko ya cinye na safe, ko kashinsa da tauri, ko ya yi amai. Ɗan rage ci a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Amma ƙin ci yini guda cur, amai fiye da sau ɗaya, jini a kashi, ko kwanciya ba kuzari, na nufin likita a ranar, ba gobe ba.

Ranar ɗauka ka duba shi a gabansu. Shafa haƙarƙari ka ji ko ya rame. Ɗaga leɓe: dasashi ya zama ja-ja mai damshi. Duba cikin kunne, tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya saboda kaska, ka juya cikinsa ka nemi ƙuraje, ka ga ko ido da hanci na zubar da wani abu. Duk abin da ka gani ka faɗa a nan take.

A gida zai rufar wa ruwa da abinci saboda murna. Ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, abinci kuma bayan awa ɗaya ko biyu. Zai yi barci sosai kwana ɗaya ko biyu, dama kwikwiyo yakan yi barcin awa 18 ko fiye a rana. Yana iya manta inda aka koya masa yin fitsari. A koma fitar da shi bayan kowane ci da kowane barci, ba duka, cikin 'yan kwanaki zai tuna. In akwai wasu karnuka a gidan, musamman ƙanana, a raba su da shi na mako biyu, domin farbo kan bayyana kwana uku zuwa bakwai bayan kamuwa, tari kuma yana iya kai kwana goma sha huɗu. Idan wani abu ya ɓullo a wannan tsakani, ka kai shi asibiti, ka gaya wa likita inda ya kwana da ranakun, sannan ka kira masu masaukin ka sanar da su don su ware waɗanda suka yi maƙwabtaka da shi, su wanke ɗakin da bilic kafin su sa wani a ciki.